Tashi ko Zama: Muhawarar da Guguwar Milton Ta Jawo a Gidanmu

Mu mazauna Zariya ba mu san mahaukaciyar guguwar teku ba sai a labarai, domin tsakaninmu da teku akwai ɗaruruwan kilomita, kuma iskar da ta fi ba mu tsoro ita ce ta farkon damina, wadda take yaye kwanon rufi ta karya rassan darbejiya, cikin rabin sa'a ta wuce. Duk da haka, a farkon watan Oktoba na 2024 gidanmu ya tsinci kansa cikin tambayar da mutanen gaɓar tekun Amurka suke fuskanta kusan kowace shekara: idan an ce ga guguwa nan tafe, mutum ya kwashi iyalinsa ya tashi ne, ko ya kulle ƙofa ya zauna? Ƙanena yana karatu a birnin Tampa da ke jihar Fulorida, yana haya a hawan ƙasa na wani gida kusa da bakin ruwa tare da matarsa da 'yarsu, kuma ranar Litinin 7 ga wata aka sanar cewa guguwar da aka laƙaba wa suna Milton ta kai mataki na biyar, wanda babu na sama da shi, tana kuma fuskantar inda suke.

Hajiyarmu ba ta tsaya jin wani bayani ba. Da aka kira shi ta WhatsApp, cewa ta yi: “Ka ɗauki matarka da yarinyar nan ku bar garin yau, ban ce gobe ba.” Kawunmu kuwa, wanda ya ga jiya ya ga yau, ya ce gaggawa ba ta da amfani, Turawa sun iya zuzuta abu, kuma wanda ya bar ɗakinsa ya bar wa ɓarayi ne. Shi mai gayyar, amsar da ya ba ni a keɓe ita ce ta fi tsaya mini a rai: “Yaya, tashi a baki ba wuya. Ina za mu, kuma da wane kuɗi? Otal-otal sun cika, gidajen mai da yawa sun ƙare.”

Abin da ya fara warware mini zaren shi ne fahimtar abin da yake kashe mutane a irin wannan guguwa. Ma'aunin da ake jin ana ambata, daga mataki na ɗaya zuwa na biyar, ƙarfin iska kaɗai yake aunawa: mataki na ɗaya yana farawa daga gudun kilomita 119 a sa'a, na uku daga 178, na biyar daga 252. Amma wani nazari da aka yi kan mace-macen da guguwoyin tekun Atlantika suka haddasa a Amurka daga 1963 zuwa 2012 ya nuna cewa kusan tara cikin goma na waɗanda suka rasu ruwa ne ya ci su, kuma kusan rabin jimillar sun mutu ne sanadiyyar tumbatsar teku. Yadda abin yake shi ne, iska tana tura ruwan teku a gabanta tana tara shi, idan ya iso gaɓa mara zurfi sai ya rasa inda zai bi ya haye kan tudu, wani lokaci ya kai tsayin da ya shafe ɗakin ƙasa gaba ɗaya. Mutum yana iya fakewa daga iska a cikin gini mai ƙwari, nesa da taga, amma babu ƙofar da take tare teku.

Saboda haka ne hukumomin yankunan gaɓar Fulorida suka rarraba unguwanni zuwa shiyyoyi masu haruffa, ana farawa daga A, wato inda ruwa zai fara shiga, kuma idan za a ba da umarnin tashi da harafin shiyya ake ba da shi. Kowa yana iya sa adireshinsa a intanet ya ga harafinsa. Da na tambayi ƙanena, sai ya ce tasu shiyyar tana cikin waɗanda aka ce su tashi. Ga shi kuma makonni biyu kacal kafin nan guguwar Helene, wadda tsakiyarta ta wuce can nesa a cikin teku, ta cusa ruwa cikin gidajen da ke kewaye da mashigin tekun Tampa, har lokacin katifu da kujeru da firji da suka lalace suna jibge a bakin titi, ana fargabar iska ta kwashe su ta riƙa jifan gidaje da su. Magajiyar garin Tampa, Jane Castor, ta fito a talabijin ta faɗa ba kwana-kwana cewa wanda ya zaɓi zama a shiyyoyin da aka ce a bari, mutuwa zai yi. A wurina magana ta ƙare daga nan.

Sai dai adalci ya wajabta in faɗi cewa maganar Kawu tana da ƙafar tsayawa, ko da shi bai san hujjar ba. A watan Satumba na 2005, makonni kaɗan bayan guguwar Katrina ta ɗaiɗaita birnin New Orleans, guguwar Rita ta nufi jihar Texas, kuma tsoro ya sa miliyoyin mutane suka fito daga Houston da kewaye a lokaci guda, har da waɗanda gidajensu ba su cikin haɗarin ruwan teku ko kaɗan. Manyan hanyoyi suka cushe, wasu suka yi kusan kwana guda cikin mota a tsananin zafi, mai ya ƙare musu a tsakiyar titi, wata motar safa da ta ɗauko tsofaffi daga gidan kula da su ta kama da wuta kusa da Dallas mutum 23 suka rasu. An ƙiyasta cewa kimanin mutum ɗari ne suka mutu a sanadin gudun kansa, ita kuwa guguwar ta karkata gabas ta sauka wajen iyakar Texas da Louisiana. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan tarihin ne ya sa a 2017, da guguwar Harvey ta zo, magajin garin Houston, Sylvester Turner, ya ƙi ba da umarnin kwashe birnin, duk da sukar da ya sha. Harvey ta zubar da ruwan sama da ya haura milimita 1,500 a wasu wurare cikin 'yan kwanaki, alhali mu a Zariya daminarmu gaba ɗaya ba ta cika wuce milimita dubu da 'yan kai ba, kuma hujjarsa ita ce da wannan ruwa ya tarar da jama'a jere a kan titi, da asarar rai ta fi haka.

Darasin da masu kula da agajin gaggawa suka ɗauka shi ne wanda yake cikin shiyyar ruwa ya tashi da wuri, wanda ba ya ciki kuma gininsa mai ƙwari ne ya zauna ya bar wa masu buƙata hanya, sannan mai tashi ba sai ya tsallaka jihohi ba, tafiyar 'yan kilomita zuwa tudu ta wadatar. Wannan ne ya warware wa ƙanena matsalar kuɗi da ta mai. Wani ɗan Najeriya da suke haɗuwa a masallacin Juma'a yana zaune a unguwar da ke kan tudu, cikin ginin bulo, ya ce su taho. Ranar Talata bayan sallar asuba suka fita. Ya ɗora abin da zai ɗoru a kan kabad, ya ɗauki hoton kowane ɗaki da waya saboda kamfanin inshora, ya zuba fasfo da takardun makaranta da na haihuwar yarinya cikin leda ya ɗaure, suka ɗauki magunguna da ruwan sha da tsabar kuɗi, tunda idan wuta ta ɗauke katin banki ba ya sayen ko burodi. Gargaɗi ɗaya da na yi masa, wanda kowane ɗan Najeriya ya san dalilinsa, shi ne kada su yarda a kunna janareta a cikin gida ko gareji, domin a can ma hayaƙinsa yana kashe mutane bayan guguwa ta wuce.

Milton ta sauka daren Laraba 9 ga Oktoba, wajen ƙarfe takwas da rabi agogonsu, wato ɗaya da rabi na dare a nan, kusa da Sarasota da ke kudu da Tampa, tana mataki na uku. Da yake iskar guguwa a arewacin duniya tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, kuma tsakiyarta ta bi ta kudu da Tampa, sai iskar ta riƙa tura ruwa daga mashigin Tampa zuwa cikin teku maimakon ta cuso shi gari. An yi ruwan sama mai yawa, rufin wani babban filin wasa ya yaye, gidaje da wuraren kasuwanci fiye da miliyan uku suka rasa wuta, amma teku bai shiga ɗakin ƙanena ba. Washegari Kawu ya shigo gaida Hajiya yana murmushi, ya ce: “To, kun gani? Da ya zauna me zai same shi?”

A nan ne nake ganin mutane da yawa suke kuskure, domin suna auna shawara da abin da ya biyo bayanta, ba da abin da aka sani lokacin yanke ta ba. Taswirar hasashe da cibiyar lura da guguwa ta Miami take fitarwa tana nuna faffaɗan yankin da tsakiyar guguwa za ta iya bi, kuma an tsara ta ne yadda tsakiyar za ta kasance a ciki kusan sau biyu cikin uku kawai. Karkatar 'yan kilomita ita ce ta raba Tampa da bala'i. A watan Satumba na 2022 akasin haka ya faru da guguwar Ian: hankali ya karkata kan Tampa, sai ta sauka can kudu wajen Fort Myers, inda aka ba da umarnin tashi ana gobe za ta iso, kuma kusan mutum 150 suka rasa rayukansu a jihar, da yawansu tsofaffi da ruwa ya rutsa da su. Abin da nake tsoro shi ne wanda ya tashi sau ɗaya ya dawo ya tarar da ɗakinsa a bushe, shi ne zai fi taurin kai a karo na gaba.

Da maganar ta koma kan tawakkali, sai na tuna wa Kawu labarin Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, lokacin da ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar komawa, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudu yake daga ƙaddarar Allah, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kawu mutumin zaure ne, nan take ya ce ai hadisin da ke cikin wannan labarin ya hana wanda yake cikin garin fita. Na ce ranka ya daɗe, haka ne, amma annoba aka ambata, wadda mai fita yake iya tafiya da ita ya kai wa wasu, ruwa kuwa babu mai ɗaukarsa a jiki. Ya yi shiru, bai ce ya yarda ba, ni ma ban matsa ba.

Yawancin masu zama ba jarumta ce take zaunar da su ba. Lokacin Katrina, wadda ta afka wa New Orleans ranar 29 ga Agusta 2005 har ruwa ya shafe kusan kashi 80 cikin ɗari na birnin bayan shingayen ruwa sun ɓalle, dubban iyalai ba su da mota, ga shi ƙarshen wata aljihu ya bushe, wasu suna jinyar tsofaffi, wasu sun ƙi barin dabbobinsu, har sai da aka yi doka a 2006 da ta sa a riƙa shigar da dabbobin gida cikin tsarin kwashe jama'a. Inda aka magance waɗannan dalilai, mutane suna tashi. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a ƙasar da yanzu ake kira Bangladesh, amma daga baya aka gina dubban matsugunai a kan ginshiƙai, da tuddai na ajiye dabbobi, aka horar da 'yan sa-kai masu zagaya ƙauyuka da lasifika, asarar rai ta ragu ƙwarai. A jihar Odisha ta Indiya guguwar 1999 ta ci kusan mutum 10,000, amma da guguwar Phailin ta zo a 2013 an kwashe kusan mutum miliyan ɗaya, waɗanda suka rasu kuma ba su kai ɗari ba.

Mu ba mu da teku, amma tambayar tana zuwa mana ta wata ƙofa. Wata guda kafin Milton, ranar 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, a ƙarshen Mayu na 2025 kuma ambaliya ta afka wa Mokwa da ke jihar Neja tun mutane suna barci, sama da mutum 150 suka rasu. Ambaliyar 2022, wadda sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru ya ƙara wa ƙarfi, ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin ƙasa. Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA suna fitar da hasashe, ana karanta sunayen jihohi da ƙananan hukumomi a rediyo, a rufe da cewa mazauna bakin kogi su koma kan tudu. Amma mutumin da yake da buhunan masara a ɗaki da tumaki a garke yana buƙatar sanin wane tudu, a wace rana, wa zai karɓe shi, kuma ina dabbobinsa za su kwana.

Gwaggonmu tana zaune a gefen Kubanni ta wajen Tudun Wada, inda shara takan toshe magudanai idan an yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta. Kafin daminar da ta biyo baya muka zauna da ita muka tsayar da magana tun sama tana fayau: takardun gidanta suna wurina a cikin birni, ɗakin da ke kusa da na Hajiya nata ne, awakinta za su je garken wani ɗan'uwa a Gyallesu, kuma ranar da ruwa ya taɓa matakala ta biyu ta ƙofar zaurenta, jikanta zai kira ni in turo mota ko da tsakar dare ne, ba tare da an sake tambayar ra'ayin kowa ba. Ta yi gardama kan awakin, ta ce can ba a ba su dusa yadda ya kamata, sai da na ɗauki nauyin dusar sannan ta amince.