Ruwan garinmu na tarar a Sakkwato

Shekaranjiya na dawo daga Sakkwato, har yanzu ƙurar hanya ba ta gama fita daga hancina ba. Ɗaurin aure ya kai ni, amma yawancin kwanakin a bakin gulbi na yi su.

A Kwalkwalawa, kan hanyar jami'a, wani dattijo mai kwalekwale ya tambaye ni garinmu. Na ce Funtuwa. Ya ƙyalƙyale da dariya: "Ɗana, ashe ruwanku muka sha!" Na ɗauka ba'a ce. Ashe Gulbin Sakkwato daga yankinmu ya faro, ya bi ta Gusau, aka tare shi a dam ɗin Bakolori kusa da Talata Mafara, sannan ya haɗu da Rima a gefen birnin. Daga nan sai Argungu, Birnin Kebbi, har ya faɗa Kwara. Kunya ta kama ni, ina ɗan gari sai a bakin Basakkwace zan ji wannan.

Na miƙa kuɗin fito, ya ture hannuna. "Haba Baba," na ce. Ya ce baƙo ba ya biya ranar farko. A tasharmu ko ruwan leda ba wanda zai bar maka. Muna tsakiyar ruwa ya nuna min inda ambaliyar 2010 ta cinye gada, har ɗalibai suka koma shiga jirgi.

Washegari muka nufi Wurno, inda kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837. Shi ya gina Sakkwato a 1809, kuma duk wanda ya ga fadamar nan ya san ba da ka ya zaɓi wurin ba: shinkafa, albasa da tafarnuwa iya ganinka, rani tsaka. Tafarnuwar kuwa araha kamar kyauta. Na taya ƙasa da rabi don wasa, mai ita ya ce na sallama. Da na sani da buhu na zo.

Wani mai kaki a shingen hanya ne kawai ya ɓata min rai, ya zazzage jakata a ƙasa, ko sannu babu.

Goronyo mun leƙa dam, ruwa ya ja baya sosai. Alkalawa, birnin Gobir da ya faɗi a 1808, direba ya ce ko nawa zan ba shi ba zai bi hanyar ba.