Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shagon Kaset da Maganar Baffa

Makon jiya na tsaya a inda na ajiye aikin masaƙa a Kakuri, na ce yau zan shiga maganar aurena na fari. Ba zai yiwu ba sai na fara da shago, domin shagon ne ya rusa wancan auren da aka ƙulla tun muna yara, kuma a kansa ne Baffa ya yi mini maganar da har gobe take ci mini rai. "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." A zaure ya faɗa, ranar ƙaramar Sallah, gaban 'yan'uwa da surukai, ina durƙushe ban ko gama gaisuwa ba.

Shagon a Tudun Wada yake, ba nisa da Kasuwar Barci. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 su suka cika Kaduna da rikoda, har masinja sai ka gan shi rataye da tasa. Rikoda kuwa ba ta magana sai da kaset. Na haɗa ɗan abin da na tara, Yaya ya cika mini, na sayi garmaho na hannu da rikoda biyu na ɗauka. Mutum zai zo da fankon kaset ɗinsa, TDK ko Maxell, ya faɗi abin da yake so, in ɗora allura a kan faifai in zauna gadi. Ba a tashi. Dole ka san tsawon kowace waƙa, don kada zare ya ƙare mawaƙi yana tsakiyar baiti. Kowace safiya ina goge kan rikoda da auduga da sifirit har sai audugar ta daina yin baƙi. In zare ya tsinke, a daidaita bakin da reza, a ɗiga jan farce, a bari ya bushe, a naɗe da biro.

Ina ɗaukar Shata, ina ɗaukar Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya, ina ɗaukar waƙoƙin Indiya. Wannan ina so 'ya'yan Baffa da suke karanta wannan rubutu su riƙe shi, saboda an nuna wa mahaifinsu kamar na yi watsi da namu ne. Amma abin da ya riƙe shagon, gaskiya, waƙoƙin kantiri ne na Amurka, waɗanda Baffa yake kira kiɗan kaboyi.

Jim Reeves na fara gani. Malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa su ne masu nemansa, da Kiristocin unguwa da ke son waƙoƙinsa na coci. Mutumin ya rasu tun 31 ga Yulin 1964, ƙaramin jirgin da yake tuƙawa ya faɗi kusa da Nashville, birnin da yake cibiyar waƙoƙin kantiri, amma bayan shekara goma sha da rasuwarsa faifansa bai taɓa kwana a kan kanta da ƙura ba.

Sai Don Williams ya shigo, ya shafe kowa.

Ban san yadda zan kwatanta wa yaran yanzu muryar mutumin nan ba, sai dai in ce ruwan randa ce a tsakiyar bazara. Ba ya ihu, ba ya gaggawa. Jita, ɗan bugu a hankali, shi ke nan, sai murya mai kauri tana fitar da kalma ɗaya bayan ɗaya, yadda wanda ya tsaya a aji bakwai na firamare ma zai tsinci abin da ake faɗa. Ina ganin sirrin karɓuwarsa a wurinmu ke nan. Direbobin Fijo 504 masu Jos da masu Kano, waɗansu ko "zo" ba su sani ba da Turanci, su tsaya ƙofar shago ba su kashe mota ba, su ce, "Malam, a ba ni mai sanyin nan." Na san wanda suke nufi. Wani dattijon direba ya ce mini in ya sa shi ƙafarsa ba ta nauyi a kan totur. "You're My Best Friend" ta 1975, "Some Broken Hearts Never Mend" ta 1977, "Tulsa Time" ta 1978, "I Believe in You" ta 1980: faifan da suke ciki sai da suka sha allura har suka fara tsalle, na sake saye. A 1978 ƙungiyar mawaƙan kantiri ta can ta zaɓe shi gwarzon mawaƙi namiji, kuma waƙoƙinsa 17 ne suka hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri. Ɗan jihar Texas ne, haihuwar 1939. Mata ɗaya ya aura a 1960, suna tare har ya rasu a watan Satumban 2017. Ranar da ƙaramin ɗana ya nuna mini labarin rasuwar a waya, abincin dare ban iya ci ba. Ya taɓa zuwa Afirka, ya yi wasa a Harare a 1997, na daɗe ina fatan a ce Kaduna ce.

Na san in ka tambayi mutanen Amurka su wa suka juya akalar kantiri a shekarun 1970, Willie Nelson da Waylon Jennings za su fara kawo maka. Suna da hujja. Su ne suka yi tsayin daka a gaban kamfanonin Nashville cewa mawaƙi shi zai zaɓi makaɗansa da yadda za a ɗauki waƙarsa, kuma faifan haɗin gwiwar da suka fito a ciki a 1976 shi ne na farko a kantiri da aka ba shaidar sayar da miliyan ɗaya. Ina girmama su. Amma a kantata ba su yi kasuwa ba. Tasiri a wurina shi ne wanda ya ƙetare teku ya shiga motar mutumin da bai san harshenka ba, ya zauna. A wannan ma'aunin Don Williams ne gaba, sai Dolly Parton, sai Kenny Rogers.

Dolly kuwa Inna take tuna mini. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12, an haife ta a 1946 a duwatsun Tennessee, a gida mai ɗaki ɗaya, mahaifinta da buhun garin masara ya biya likitan da ya karɓi haihuwar. Waƙarta ta 1971, "Coat of Many Colors", labarin rigar da mahaifiyarta ta ɗinka mata ne da ƙyallaye, tana ɗinki tana ba ta labarin Annabi Yusuf, ta sa ta tafi makaranta da murna, yara suka yi mata dariya. Wani malamin firamare ya zauna a bencin shago ya fassara mini ita baiti-baiti. Ni da na je makarantar allo da rigar da Inna ta rage mini daga tsohon zanenta, me za a faɗa mini? Irin wannan waƙar ce aka ce ta raba ni da gida. Kuma matar tana da wayon riƙe abinta: lokacin da aka nemi shahararren mawaƙi Elvis Presley ya rera waƙarta "I Will Always Love You" bisa sharaɗin ta ba da rabin haƙƙin mallakar waƙar, ta ƙi. Da Whitney Houston ta rera ta a 1992, Dolly ce ta kwashi amfanin. Mahaifinta bai iya karatu ba, don haka a 1995 ta kafa shirin aika wa ƙananan yara littattafai kyauta. Wadda ta yi wannan ba ta bar gida ba, Baffa.

Akwai Charley Pride kuma, da sai na ɗauko kwalin faifan na nuna hoto kafin a yarda baƙar fata ne. Ɗan manoman auduga ne daga Mississippi, ya tsinci auduga da hannunsa yana yaro, yadda muka tsinta a gonar Baffa a ƙasar Funtuwa har yatsu su tsage. A 1971 ya karɓi babbar lambar shekara ta mawaƙan kantiri, a fagen da kusan duk Turawa ne. Shekarar da ta biyo Loretta Lynn ta karɓa, mace ta farko, 'yar mai haƙar kwal. Talakawa ne suke waƙar talauci da gona da hanya da uwa. Ɗan Maraya da kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ba wanda ya ce ya ɓata.

Kenny Rogers ne ya jawo mini. Ba shi ba, ɗan Gwaggo. Ya zo hutu daga kwalejin horon malamai ya sauka a wurina, ya ci nawa ya sha nawa, yana zaune ina ɗaukar "The Gambler", wadda ta fito a 1978 kowa yana nema. Ya koma gida ya shaida wa Baffa cewa waƙar ɗan caca nake sayarwa, har da wiski a ciki. Bai yi ƙarya ba, akwai su. Abin da bai faɗa ba shi ne tsoho ne a jirgin ƙasa yake yi wa saurayi nasiha a kan sanin lokacin riƙewa da lokacin haƙura, ya gama ya cika a cikin barcinsa. Bai kuma faɗa cewa shi da kansa ya roƙe ni kaset biyu kyauta ya tafi da su makaranta ba. Ya san abin da yake nema. Kafin damina ta zagayo an ɗaura masa aure da 'yar Baffa, yarinyar da aka ce tawa ce tun tana goye.

Baffa, Allah Ya jiƙansa, yana da rediyo a ɗakinsa, kuma na sha jin Shata yana tashi daga ciki, har da waccan waƙar ta a sha ruwa. Ban taɓa buɗe baki na faɗa ba, ba a yi mana tarbiyyar mayar wa babba magana ba. Inna ce kawai ta kira ni bayan ɗaki da daddare ta ce, "Ɗan nan, riƙe sana'arka, ba sata kake ba."

Na riƙe. Da kuɗin kiɗan kaboyi aka cire jinkar ɗakin Inna aka sa kwano. Da shi ƙannena biyu suka gama sakandare. Da Baffa ya kwanta ciwon da ya zama ajalinsa, motar da ta ɗauko shi zuwa Zariya ni na biya, maganin ni na saya, ni na kwana a tabarma a barandar asibiti, surukin nasa malamin makaranta yana jiran albashi. Ina gyara masa matashi ya dube ni ya ce, "Kai ne?" Na ce, "Ni ne, Baffa." Ya ce Allah Ya yi albarka. Na karɓa da hannu biyu, kuma ina fatan ta bi ni. Amma waccan maganar a zaure ya yi ta gaban jama'a, wannan kuwa daga ni sai shi, kuma cikin waɗanda suka ji ta farkon har yau akwai masu maimaita ta in an zo rabon gona.

Shagon ya mutu a hankali bayan faifan CD ya shigo, daga baya waya ta ƙarasa shi. Waɗannan shekarun ba ni da abin faɗa a kansu. A 2020 Kenny Rogers ya rasu a watan Maris, Charley Pride ya bi shi a Disamba da cutar korona. A makon rasuwar Kenny ɗan Gwaggo ya kira ni, ya yi ritaya yanzu, ido ya yi rauni, wai ko zan sa yara su tura masa waƙoƙin nan na da a waya. Na sa an tura masa, har da ta ɗan cacar. Bai ce komai a kan abin da ya wuce ba, ni ma ban tayar ba, saboda matarsa 'yar'uwata ce kuma jikokinmu suna wasa tare.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan faɗi yadda Yaya ya nemo mini uwar 'ya'yana a Unguwar Sanusi, da abin da Gwaggo ta yi ranar kai lefe.