Manhaja ta ce akwai sukari, sito kuwa wayam

Sitonmu na sari yana Aboabo a Kumasi: sukari, shinkafa, man girki da madarar gwangwani, yawanci daga Tema, garin tashar jiragen ruwa, ake yo mana lodi. Muna aiki da wata manhaja da ke duba cinikin baya ta faɗi abin da za a saro, kuma lissafinta a fili yake. Sukari buhu 20 ke fita a rana, daga oda zuwa sauke kaya kwana 6 ne, a ɗora buhu 40 na ko-ta-kwana. Da zarar saura 160, sai ta ce a yi oda. Idan kasuwa na tafiya yadda ta saba, ba ta ba mu kunya.

Azumi ne ya tona mata asiri. Ita kalandar Bature ta sani, alhali azumi kan matso da kwana 10 ko 11 kowace shekara: a 2024 an ɗauka wajen 11 ga Maris, a 2025 kuwa tun farkon Maris. Masu shaguna da masu koko sukan fara tara sukari mako biyu kafin ganin wata, sai ciniki ya haura buhu 45 a rana tun tsakiyar Fabrairu. Buhu 160 bai kai kwana huɗu ba.

Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi cin rai, sito ya ƙare ƙaf amma kwamfuta na nuna saura buhu 35. Da muka bi diddigi, 23 an ba tsofaffin abokan ciniki bashi, an rubuta a littafi ba a shigar ba. 12 sun yage ko sun jiƙe, yaran sito sun jingine su gefe ba wanda ya cire su daga lissafi. Haka muka yi kwana tara muna cewa "Hajiya, ki yi haƙuri sai jibi", tana juyawa ta nufi Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi. Manhaja ba ta ga Hajiya ba. Abin da ta gani shi ne kaya na nan, ciniki sifiri, sai ta ɗauka mutane sun daina son sukari, ta rage hasashen makonnin gaba. Abin da aka sayar take ƙirgawa, wanda aka nema aka rasa ba ya shiga idonta.

Da muka farga muka yi oda ninki biyu cikin fushi, kuskuren da ba zan ɗora wa na'ura ba. Ragowar ta kai mu damina, buhunan ƙasa suka sha danshi suka dunƙule, muka karyar da su.

Yanzu duk ranar da wani kaya ya yanke, muna yi mata alama don a cire ta daga lissafin hasashe, mai kanta kuma yana rubuta buhu nawa aka tambaya aka rasa. Kaya goman da suka fi tafiya ana ƙirga su da hannu kowace Asabar, bashi kuma ba ya fita ƙofa sai an shigar da shi. Daga shigowar Rajab zuwa bayan ƙaramar Sallah, odar sukari, madara da man girki, da biro nake yin ta, ina kwatanta ta da littafin azumin bara, rana da rana daga ɗaya ga Sha'aban.