Abin da na tono a lakar Kubanni da Galma

Furojek ɗina na ajin ƙarshe a Samaru a kan aktinomaisit ne na cikin lakar rafi, irin bakteriyar nan masu zare-zare da in ka gansu a farantin da ake rainon su a lab sai ka rantse fumfuna ce. Kuma duk wanda ya taɓa shaƙar ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko ya san su ai, su ke fitar da geosmin, sinadarin da ke ba da wannan ƙamshin.

Malam ne ya ce in bar ƙasar gona in nufi ruwa. Hujjarsa ita ce ƙasa an sha tonon ta, tun 1943 da Albert Schatz ya samo streptomycin daga Streptomyces griseus, wani nau'in aktinomaisit, a lab ɗin Selman Waksman a Amurka, maganin farko da ya iya da tarin fuka, daga nan aka yi ta haƙa, tetracycline, erythromycin, vancomycin duk daga wannan dangi suka fito, har ivermectin ɗin nan da ake rabawa a ƙauyuka da sunan Mectizan saboda makantar rafi, asalinsa Streptomyces ne da Satoshi Omura ya samo a ƙasar Japan. Yanzu kuwa in ka tono ƙasa yawanci abin da aka riga aka sani za ka sake cin karo da shi, lakar ruwa ce ba a taɓa sosai ba.

Da rani na ɗebo lakar, a kogin Kubanni da kuma na Galma wajen masu lambu, duk a Zariya. Wani dattijo mai ban ruwan tumatir ya tsaya yana kallona ina cusa taɓo a kwalba, ya ce "'yar nan, tukunya za ki gina ne?" Na ce a'a Baba magani muke nema, ya ce to Allah Ya ba da sa'a, amma daga ganin fuskarsa bai yarda ba.

Wahalar dai a lab take. Su waɗannan halittu ba sa sauri ko kaɗan, bakteriya irin E. coli kwana ɗaya ta cika faranti, su kuwa sai sati ɗaya zuwa biyu, kafin nan fumfuna da sauran bakteriya sun mamaye ko'ina. Shi ya sa sai ka shanya lakar a inuwa ta bushe, ka ɗan gasa ta a wajen digiri 55 don marasa juriya su mutu, ka tsarma ta mataki-mataki, sannan ka shuka a agar, wato daskararren abincin da ake zuba musu a faranti, mai sitaci da casein (furotin na madara), da maganin nystatin a ciki don hana fumfuna. Abu ɗaya da Zariya ta taimaka min, zafin da suke so wajen digiri 28 zuwa 30 ne, ko an ɗauke wuta inkubeta ta mutu ba su damu ba, sai dai in hunturu ne.

Ranar da suka fito wallahi sai da na kira ƙawata. Ƙananan ɗigo busassu kamar garin alli, wasu fari wasu toka-toka, ɗaya har ya rina agar ɗin ruwan ƙasa, in ka sa waya za ka ɗauka sai ka ji sun kama agar gam, ba sa santsi irin na sauran. Kana buɗe murfi ƙamshin damina ya buge ka, duk da an hana mu shinshina faranti.

Na ja layinsu a tsakiyar sabon faranti, da suka yi ƙarfi na gitta musu layin bakteriya biyu masu sa cuta, Staphylococcus aureus da E. coli, don in ga ko za su hana su girma. Wasu sun hana Staph matsowa, fili fes a gefensu, E. coli kuwa ko a jikinta, kuma haka aka saba gani don irinta suna da ƙarin bango a waje da ke tare magani. Na fi jin daɗin gwajin sitaci ma, ka zuba aidin faranti ya yi baƙi-shuɗi, wajen da suka cinye sitacin ya tsaya fari, aikin amylase kenan, enzayim ɗin da ke narkar da sitaci, kuma masana'antu na sayen irinsa.

A nan ne mutane ke zaƙewa, daga ganin fili a faranti sai a ce an gano sabon magani. Ba haka ba ne gaskiya, wataƙila streptomycin ɗin 1943 ne ka sake samowa. Sai an yi sikwensin, wato an karanta wani sashe na ƙwayoyin gadonta da ake kira 16S rRNA, an san ko wace bakteriya ce, an tace sinadarin an gane shi, an gwada ko yana da guba, kuma duk kuɗi ne da ɗalibi ba shi da su. Nawa dai na zuba su a gilisarin na sa a firiza da lamba a jikin kowanne, Malam ya ce akwai mai mastas da zai ɗora daga nan in an samu kuɗin sikwensin.