Sunan da maƙwabciyata ta raɗa wa 'yarta

Jiya na je barka gidan maƙwabciyata a nan Dublin, babban birnin ƙasar Ireland, ta miƙo mini jaririyar a naɗe cikin farin bargo, sannan ta nuna mini katin da aka rubuta sunanta: Saoirse. Ana furta shi kamar "Sirsha", kuma ma'anarsa 'yanci a harshen Irish, wato harshen asali na mutanen Ireland.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne tarihinsa. Ba sunan kaka da kakanni ba ne; kalma ce ta yau da kullum, daga tushen "saor", wato mai 'yanci, sai iyaye suka fara sa wa 'ya'yansu mata a shekarun 1920, bayan yaƙin neman 'yancin kai daga Birtaniya wanda ya kai ga kafa ƙasarsu a 1922.

A Ireland yanzu sunan ya yaɗu, amma a waje da wuya ka ji shi, in ban da ta dalilin 'yar fim Saoirse Ronan. Uwar ta ce kakarta ce ta daɗe tana burin a sa shi a zuriyarsu. Allah Ya raya yarinyar.