Kafin ku kai tsoho a dasa masa haƙora a Legas

Ku da kuke karanta wannan a waya, galibinku bakinku cike yake, har ƙashin kaza kuna taunewa. To amma ku ake miƙa wa waya a ce, "Duba mana inda ake gyaran haƙora." Ku ne kuma za ku yi karo-karo ranar da Baba ya koma daga kunu sai farfesu, ko Inna ta fara kare baki da mayafi in za ta yi dariya. Shi ya sa da ku nake, don ni a bakina aka koya mini wannan karatun.

Dashen haƙoran muƙamuƙi guda tiyata ce. Ana huda ƙashi a kafa ƙusoshin ƙarfen titaniyam, yawanci 4 zuwa 6 a sama ko a ƙasa, sannan a ɗaure jerin haƙoran a kansu. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya fara yi wa mutum irin wannan dashen a 1965, bayan ya gano ƙashi yana kama wannan ƙarfen ya manne da shi. Mannewar kan ɗauki wata 3 zuwa 6. Saboda haka haƙoran da ake sa wa mutum ranar tiyata na wucin gadi ne, na dindindin sai ƙashi ya kama. In tallan ya ce "haƙora cikin yini guda", ku tambaya: waɗanne daga ciki?

Ciwon dasashi ne ya ci nawa haƙoran, ga ciwon suga da nake wasa da maganinsa. Likitan farko da na je wurinsa ya buɗe bakina, ya jima yana dubawa, ya tambayi magungunan da nake sha, ya tura ni gwajin jini. Da sakamako ya fito sai ya ce, "Alhaji, ba yanzu ba. A saukar da suga, a warkar da dasashi, ka bar taba, sannan mu yi magana." Raina ya ɓaci. Ni da na zo da kuɗina a ce mini ba yanzu ba? Ina dawowa Mile 12 na ce wa ɗan ƙanena ya nemo mini masu son aiki. Ya ko samo su a Instagram, da hotunan baki kafin aiki da bayan aiki, fes kamar a lashe. Wurin ga sanyin na'ura, ga shayi, ga fara'a. Ba wanda ya tambayi sugata. Hoton ƙashin baki guda ɗaya tak aka ɗauka, irin shimfiɗaɗɗen nan, na ajiye kafin alƙalami, aka sa rana.

Ban kai ga haƙoran dindindin ba dasashin sama ya fara tsami. Da asuba in na kurkure baki a alwala sai in ga jini-jini da ɗan mugunya, in na taɓa da harshe in ji abin yana motsi. Wari kuwa, uwargida ce ta daure ta faɗa mini. Na koma, aka ce likitan da ya yi aikin ba mazauni ba ne, zuwa yake ya tafi, sai in jira zagayowarsa.

Yanzu na san abin da likitan farko ya gani. Suga in ta yi sama rauni ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuma su samu wurin zama. Taba tana rage jinin da ke isa dasashi. Cutar da ta kayar da haƙoran asali, in ba a magance ta ba, tana komawa kan ƙusar ta cinye ƙashin da ke riƙe da ita. Akwai ma wasu magungunan ƙarfafa ƙashi da ake ba tsofaffi da masu ciwon daji, waɗanda kan hana ƙashin muƙamuƙi warkewa bayan tiyata, don haka ku ɗebi duk kwalayen maganin tsoho ku tafi da su. Likitan da bai nemi ganinsu ba, ku ɗauki takalmanku.

Sai hoto. Shimfiɗaɗɗen hoto yana nuna tsayin ƙashi amma ba ya nuna kaurinsa. Akwai wanda ake kira CBCT, mai nuna ƙashi ta kowace fuska. Da shi ake ganin jijiyar da ta ratsa muƙamuƙin ƙasa, wadda in aka taɓa ta leɓe da haɓa kan mutu, a daina jin taɓi a wurin, wani lokaci har abada, da kuma kogon iska da ke saman turamen haƙoran sama. Ku ce a nuna muku a kwamfuta inda kowace ƙusa za ta zauna. Wanda ya tsara aikinsa ba ya jin nauyin nunawa.

Takardu ba su da wahalar tambaya, kunya ce kawai ke hana mu. Likitan haƙori dole ya kasance da rajistar MDCN, hukumar likitoci ta ƙasa, da lasisin da ake sabuntawa duk shekara. Shi kuma asibitin, a jihar Legas HEFAMAA ce ke yi masa rajista. Mai ƙera haƙora a ɗakin gwaji sana'arsa daban da hukumarsa daban. Gwani ne a fanninsa, amma huda ƙashi ba hurumin sa ba ne. Digirin farko ma bai isa ya kwantar muku da hankali a aiki mai girma irin wannan ba. Masu ƙwarewa sukan ƙara shekaru suna horo a ƙarƙashin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin, ko kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma da ke Yaba. Ku tambayi sunan wanda zai riƙe wuƙa, da na wanda zai tsara haƙoran, da ranakun da ake samunsu. In kuna son ji daga bakin da ba ya zawarcin kuɗinku, ga sashen haƙori na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, a tsakiyar 'yan uwanmu, ga na LASUTH a Ikeja. Akwai layi, akwai jira, amma aikin miliyoyin naira ya cancanci asarar yini.

Wani abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne sunan ƙarfen. Wanda ya karɓi gyaran bakina ya ce, "Na wane kamfani aka sa maka?" Na zaro rasit, ba komai a jiki sai jimlar kuɗi da hatimi. Ashe kamar kayan mota ne a Ladipo: na Toyota ba ya hawa Peugeot. Straumann da nasa noti da sukudireba, Nobel Biocare da nasa, Osstem da nasa. Duk ƙusa tana zuwa da 'yar takarda mai suna da lamba da girma. Ku karɓe ta ku adana tare da takardun gida.

A rubuta muku kuɗin dalla-dalla kafin ku biya ko sisi: cire ragowar haƙora, ƙarin ƙashi in ana bukata, na wucin gadi, na dindindin da abin da za a yi su da shi, da wanda zai ɗauki nauyi in ƙusa ta ƙi kamawa. Ku kuma tambaya ko haƙoran cirewa, ko waɗanda ake maƙalawa a kan ƙusa 2 a ƙasa, za su wadatar da tsohon. Ga wasu sun fi dacewa, kuma sun fi sauƙin wankewa.

Masu shirin Turkiyya ko Masar ko Indiya, ban ce babu gwanaye a can ba. Sai dai aikin nan yana son komawa a kai a kai: a duba, a wanke ƙarƙashin haƙoran, a ɗaure notin da ya saki. Kafin ku yanki tikiti, ku samu likita a nan Legas da ya yarda zai riƙa duba tsohon, ku tambaye shi ƙarfen wane kamfani yake da kayan aikinsa, ku tafi da sunan a rubuce.