Kwamfutar da ake sake mata tsari daidai da aikin da ke gabanta

Tun wajen shekarar 2005 masu ƙera masarrafan kwamfuta, wato sassan da suke yin lissafi a cikinta, suka ci karo da wani shinge da har yau ba su tsallake shi ba. Kafin lokacin, kusan kowace shekara sabon masarrafi yakan fito da saurin bugawa fiye da na baya, wato yawan bugun agogon da yake tafiyar da matakan aikinsa, amma da saurin ya kai bugu biliyan 3 zuwa 4 a daƙiƙa ɗaya sai wutar da yake sha da zafin da yake fitarwa suka fi ƙarfin abin da za a iya sanyayawa. Mu da muke zaune a Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, mun san wannan da idanunmu, domin kwamfutar tafi-da-gidanka takan rage gudu da kanta da tsakar rana don kada ta ƙone. Hanyar da ta rage wa injiniyoyi ita ce su rarraba aiki, a yi lissafi da yawa a lokaci guda, kuma a nan ne masarrafin da ake iya sake wa tsari, wanda aka fi sani da FPGA, ya samu gurbinsa.

Masarrafi na yau da kullum an riga an gama shimfiɗa hanyoyin wutarsa tun daga masana'anta, don haka duk aikin da aka ba shi sai ya karanta umarni, ya ɗauko bayani daga ma'adana, ya yi lissafi, ya mayar, sannan ya karanta umarni na gaba. Shi kuwa FPGA tarin ƙananan sassan lissafi ne da layukan da ke haɗa su, waɗanda injiniya zai tsara yadda yake so, kuma gobe ya goge tsarin ya ɗora wani. Wanda ya taɓa tsayawa a majema zai gane bambancin. Majemi guda yana iya jiƙa fata, ya cire gashi, ya tsoma ta a ruwan bagaruwa, ya shanya, sannan ya ɗauko ta biyu, amma idan kowane mataki yana da mai shi, to fata tana barin hannun wannan wata tana shigowa, babu wanda yake zaune yana jira. Haka ake gina lissafi a cikin FPGA: kowane mataki yana da nasa da'irar, bayanai suna gudana daga ɗaya zuwa ɗaya, kuma da zarar layin ya cika, kowane bugu yana fitar da sakamako.

Tunanin ba sabo ba ne. Gerald Estrin na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya gabatar da shi a 1960, amma sai a 1985 kamfanin Xilinx ya fitar da FPGA mai suna XC2064, wanda sassan lissafinsa 64 ne kacal. Na yau suna ɗauke da ƙwayoyin lissafi da suka haura miliyan.

Misalin da ya fi burge ni shi ne kwatanta jerin ƙwayoyin halitta, aikin da ake buƙata idan ana son gane ko ƙwayar cutar sanƙarau ko ta zazzaɓin cizon sauro ta sauya kama. Hanyar Smith da Waterman, wadda aka wallafa a 1981, tana shimfiɗa jeri biyu a matsayin babban jadawali, kuma ba a iya cike kowane gida sai an san abin da ke cikin maƙwabtansa uku: na sama, na hagu, da na kusurwa. Da farko mutum zai ɗauka dole ne a bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, amma idan aka lura, duk gidajen da suke kan layin karkace guda ba su dogara da juna ba, saboda haka ana iya cike su baki ɗaya. Injiniya sai ya jera ɗaruruwan ƙananan da'irori, kowace tana miƙa wa ta kusa da ita sakamakonta. Akwai kuma wata riba da ba a cika ambata ba: haruffan ƙwayar halitta huɗu ne kawai, wato A, C, G da T, kuma bit 2 ya isa ya wakilci kowanne (bit shi ne ƙaramin gurbin bayani mai ɗaukar 0 ko 1), alhali masarrafi na yau da kullum an gina shi ne da faɗin bit 64. A FPGA ana yanka da'irar daidai da buƙata, sai wurin da aka rage ya ɗauki ƙarin ma'aikata. Wannan ne ya sa na'urar da ba ta wuce bugu miliyan 200 zuwa 500 a daƙiƙa ba take iya shan gaban wadda ta ninka ta sauri sau goma, kuma da wuta kaɗan.

Manyan kamfanoni sun gwada abin a aikace. A 2014 Microsoft ya bayyana cewa ya saka FPGA a cikin sabobi, wato kwamfutocin da suke yi wa masu amfani da intanet hidima, guda 1,632 na injin bincikensa na Bing, inda aikin jera sakamakon bincike ya kusan ninkawa alhali ƙarin wutar bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. A cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke iyakar Suwizalan da Faransa, inda tarin ƙananan ƙwayoyin zarra suke karo sau miliyan 40 a daƙiƙa, irin waɗannan na'urori ne suke tantance abin da ya cancanci a ajiye cikin ƙiftawar ido. Manyan masu ƙera masarrafai ma sun sayi kamfanonin da suke ƙera FPGA: Intel ya sayi Altera a 2015 kan kusan dala biliyan 16.7, AMD kuma ya kammala sayen Xilinx a 2022.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗauka cewa wannan maganin kowace matsala ce. Gene Amdahl ya nuna tun 1967 cewa idan kashi 10 cikin 100 na aiki dole ne a yi shi bi da bi, to ko da'irori nawa aka tara, saurin ba zai wuce ninki 10 ba. Sau da yawa kuma jigilar bayanai daga ma'adana zuwa katin da ke ɗauke da FPGA ita ce take cinye ribar da aka samu. Babbar wahalar ma tana wajen mutane, domin rubuta tsari da Verilog ko VHDL, harsunan da ake bayyana da'ira da su, yana buƙatar wanda yake tunani kamar mai shimfiɗa waya, kuma bayan ya gama, manhajar da take mayar da tsarin zuwa da'ira takan ɗauki sa'o'i kafin ya san ko ya yi daidai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa katin GPU, wanda asalinsa na sarrafa hotuna ne kuma yake yin lissafi da yawa a lokaci guda, ya mamaye manyan kwamfutocin duniya. Kwamfutar Frontier ta cibiyar bincike ta Oak Ridge a Amurka, wadda a 2022 ta fara haura lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa, da GPU aka gina ta, kuma a wancan lokacin tana shan wutar da ta kai megawat 21.

Wannan adadi na wuta shi ne ya sa nake ganin batun ya shafe mu kai tsaye. Babu wata jami'a a yankinmu da za ta ciyar da irin wannan na'ura, kuma duk wanda ya taɓa tafiyar da ɗakin kwamfuta a nan ya san cewa kuɗin man janareta da na sanyaya ɗaki su ne suke karya kasafi. Ma'aunin da ya dace da mu shi ne yawan aikin da ake samu daga kowane wat. Katin FPGA na manyan ayyuka yakan sha daga gomman wat zuwa ɗari biyu da wani abu, wanda faranti kaɗan na sola da batura masu kyau za su iya ɗauka, kuma rana ba ta yi mana ƙaranci ba.

Abin da nake fata daga sassan kimiyyar kwamfuta da na injiniyan lantarki, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran manyan makarantun jihar, shi ne su fara da ƙananan allunan koyo, waɗanda kuɗinsu bai kai na wayar hannu mai kyau ba. Ɗalibin aji uku zai iya gina layin Smith da Waterman mai da'irori 16 a kan irin wannan allo, ya auna lokacin da ya ɗauka da wutar da ya sha, ya kwatanta da kwamfutarsa. Idan tsarin ya yi kyau kuma ana son gwada shi da bayanai masu yawa, kamfanin Amazon yana ba da hayar FPGA ta intanet tun 2017, ana biya gwargwadon sa'o'in da aka yi amfani da shi.